Rigar Baba Mai Hannu Ɗaya da Rabi

Muzurun gidanmu sunansa Manaja. Ni na raɗa masa, saboda duk aikin da ake yi a gidan nan sai ya zo ya tsaya a kai ya duba, amma ko ɓera ɗaya bai taɓa kamawa ba. In ina shara, yana kan bolar. In ina guga, yana kwance a kan kayan da na gama gogewa, ba waɗanda ban fara ba. Baba ne ya tsinto shi a bayan shagon mai faci yana ɗan mitsitsi, ya kawo shi gida cikin hularsa, kuma tun daga ranar ba wanda ya isa ya ce masa kanzil. Na sha kai ƙara. Amsar Baba ɗaya ce: "Auta, yaro ne." Yaron nan kuwa yanzu da hannu biyu nake ɗaga shi, ina nishi.

Abu ɗaya ne a gidan ya fi Manaja gata, shi ne kwandon saƙar Umma. Yana gefen kujerar Baba a falo, da murfinsa, inda ta bar shi. A ciki akwai rigar sanyi ruwan toka da take saƙa wa Baba da kwarashi lokacin da ciwo ya kwantar da ita. Ta gama jikin, ta gama hannu ɗaya, ta kai rabin na biyun, sai Allah ya karɓi abarsa. Kwarashin yana nan a soke inda ta tsaya. Kullum bayan shayin safe Baba zai buɗe kwandon, ya ɗora rigar a cinya, ya shafa ta, ya mayar. Ban taɓa jin ya ce komai a kanta ba, sai ranar da na ce bari in adana ta a akwati kar ta yi ƙura. Ya ce, "Kar wanda ya taɓa min." Ban sake ɗaga maganar ba.

Da aka sa ranar yi wa Baba aikin yanar ido, sai ya tafi wurin babbar yayarmu, don asibitin yana kusa da ita. Ya bar min gida, ya bar min Manaja, ya bar min dogon jawabi kan yadda ake ba shi abinci.

Wata rana na dawo daga shagon maganin da nake aiki, na tura ƙofa, sai na ji wani abu ya sarƙe min ƙafa. Zare ne, ruwan toka. Na bi shi da ido. Ya zagaye ƙafafun tebur, ya shiga kicin, ya bi ta ƙarƙashin firiji, ya fito ya naɗe kujerar Baba, ya haye saman kabad. A can saman Manaja yake, ya naɗe hannuwa, yana kallona kamar ni ce na shigo masa gida ba sallama. Murfin kwandon yana ƙasa. Rigar tana tsakar falo, kuma rabin hannun nan ya warware tas har kafaɗa.

Na yi salati, na cire takalmi na jefa masa. Ban same shi ba, na sami agogon bango. Daga nan na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, don wannan rabin hannun shi ne abu na ƙarshe da yatsun Umma suka yi a duniya, kuma ni aka bar wa gida.

Ina cikin naɗe zaren sai ga wayar babbar yayarmu, muryarta fal murna.

"Auta, aiki ya yi kyau! Baba yana gani tar. Tun safe yake nuna min datti a labule. Ƙarshen mako yana hanya, ki shirya."

Na ce, "Madalla." A zuci kuwa na ce na shiga uku. Da idonsa na da ne, ko safa na ɗinka a wurin ba zai gane ba.

Na rungumi rigar na nufi gidan maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu, wadda take saƙa hulunan jarirai da safa tana sayarwa. Ta sa gilashinta, ta juya rigar, ta ce ai wannan ba komai ba ne. Ta yi layi biyu, ta nesanta rigar da fuskarta, ta yamutsa baki, ta warware.

"'Yar nan, mahaifiyarki bahaguwa ce ko?"

"Bahaguwa ce."

"To shi ne. Kin ga nata duk ya kwanta wannan ɓangaren, nawa yana kwanciya wancan. Zagaye take yi, kuma ita ta hagu take bi. In na ci gaba, ko daga bakin ƙofa aka hango za a san hannu biyu ne. Bahaguwa za ki nemo."

Na je shagon masu zare na tambaya ko sun san bahaguwa mai kwarashi, suka yi ta dariya, wata ta ce ko da launin fata zan faɗa a nemo min. Na dawo gida na gwada da hannuna na hagu a gaban madubi. Ni da ma ko da daman ban iya ba, Umma ta yi ta fama da ni har ta haƙura ta ce in je in yi karatu. Abin da na saƙa ranar, Manaja ma ya shinshina ya wuce.

Haushi ya ishe ni, na kira Yaya. Yaya shi ne namiji ɗaya a cikinmu, ƙaton mutum mai ƙatuwar murya, aikinsa koya wa mutane tuƙi. Na ce ya zo ya ɗauke muzurun nan ya kai shi inda ba zan sake ganinsa ba.

Ya zo da motar koyo, ya shigo yana dariya tun daga ƙofa. "Auta, ke da Manaja dai sai Allah. Me ya ci yau?"

Na nuna masa. Dariyar ta tsaya. Ya durƙusa ya ɗauki rigar, ya daɗe yana kallon kafaɗar. Sai ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafa, ya ce in miƙo masa kwarashin. Na miƙa masa ina jiran in ga ko sakace zai yi da shi. Ya karɓa da hagu, ya naɗa zaren a ɗan yatsan dama, ya soka, ya jawo, ya soka, ya jawo. Kafin in rufe baki ya zagaye hannun rigar sau ɗaya, kuma saƙar ta kwanta daidai inda ta Umma take kwanciya.

"Yaya!"

"Rufe ƙofar nan tukuna."

Na rufe. Na san Yaya bahago ne, da hagu yake rubutu, da hagu yake dungure min kai muna yara, amma ko a mafarki ban taɓa haɗa shi da saƙa ba. Ya ce ina goye lokacin da ya koya. Ya faɗo daga katanga ya karye a ƙafa, aka ɗaure shi aka ce kar ya motsa, shi kuwa ba ya iya zama. Umma ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta danƙa masa kwarashi. Ta ce duk 'ya'yanta shi kaɗai ne hannunsa irin nata, ba sai ta juya komai a kanta ba kafin ta nuna masa. Har ƙafar ta warke ya saƙa murfin buta da hula. Da ya koma makaranta wani abokinsa ya ji labari, suka sa shi gaba da tsokana, shi ke nan ya ajiye.

"In kika gaya wa wani," ya ce, "ke da koyon mota har abada."

"Ai ni tuni ka ce ba zan taɓa iyawa ba."

"To na janye. Yi shiru ina ƙirga."

Haka muka yi kwanakin nan. Yaya zai sauke ɗalibi, ya faɗo gida, ya rufe ƙofa, ya zauna a ƙasa. Ni aikina biyu: kulle Manaja a banɗaki, da sakar wa Yaya zare. Manaja ya yi ta ihu a ciki har Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta tambayi lafiya. Da na buɗe masa ran farko, na tarar ya jefa sabulu da buroshina a bokiti.

Muna aikin muna hira. Ya tuna min hular da Umma ta saƙa wa babbar yayarmu mai kunnen zomo, wadda ta ƙi sawa har ta yi mata kaɗan. Na tuna masa yadda take cewa "saura layi ɗaya" in an ce ta taso, tukunya na ƙonewa. Can na ɗaga kai sai na ga Yaya ya ɗan fito da harshe ta gefen baki yana motsa leɓe, yana ƙirga, sak yadda Umma take yi. Kewarta ta taso min, na tashi na ce bari in dubo ruwan zafi.

Ba mu sha wahalar sanin inda za mu tsaya ba, zaren ne ya gaya mana. Duk wanda Umma ta taɓa saƙawa ya fito a kanannaɗe, wanda ba ta kai gare shi ba kuwa santal yake. Da kanannaɗen ya ƙare a yatsan Yaya, ya tsaya, ya soke kwarashin, muka mayar kwando muka rufe. Na ɗora turmin ƙarfe a kan murfin.

Baba ya dawo da sabon ido da sabon surutu. Tun daga ƙofa ya ga tsaga a bango, ya ga gilashin agogo ya fashe, ya ce ashe na yi ƙiba. Ya ɗauki Manaja ya jinjina, ya ce, "Kai, ashe kai ba yaro ba ne." Na ce ai na daɗe ina faɗa.

Washegari Yaya ya zo da sassafe, wai gaisuwa. Na cire turmin kafin Baba ya fito. Ya sha shayinsa, ya ajiye kofi, ya buɗe kwandon. Ni ina goge teburin da na riga na goge, Yaya yana karanta bayan kwalin shayi. Baba ya ɗora rigar a cinya ya shafa. Ya kai hannu kan rabin hannun, ya tsaya. Ya ɗaga shi sama wajen taga.

"Wannan ba hannun mara lafiya ba ne," ya ce.

Ya sake bin wurin da yatsa.

"Nata na ƙarshe sako-sako ne, duk ramuka, don hannunta rawa yake yi. Ko lokacin da ba na gani, yatsuna sun san wurin. Wannan kuwa irin nata ne tana da lafiya." Ya dube ni. "Auta, me ya faru?"

Na faɗa masa komai, na nuna mai laifin, wanda yake lasar ƙafa a ƙarƙashin kujera. Na ba Baba haƙuri. Na san abin da yake shafawa kullum ya tafi, kuma ba mai dawo da shi.

"Wa ya mayar?"

Yaya ya ajiye kwalin. Ƙaton nan sai ga shi ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba."

Baba ya dube shi, ya dubi hannun Yaya na hagu. Ya ciro hankici ya goge idon da likita ya ce kar ya taɓa.

"Na manta," ya ce. "Wallahi na manta da karayar nan." Sai kuma ya ɗaga murya. "To ashe akwai mai ƙarasawa a gidan nan, kuka bar ni duk shekarun nan ina jin sanyi?"

"Baba, kai ka ce kar a taɓa," na ce.

"Akwati kika ce za ki sa ta! Wa ya ce miki don akwati aka saƙa ta?" Ya miƙa wa Yaya rigar. "Zauna. Nan, inda zan gan ka."

Yaya ya soke darasin ranar, ya ce wa ɗalibansa uzuri ya taso. Ya zauna a gaban Baba, ƙofa a buɗe, ya shiga zaren da Umma ba ta kai gare shi ba. Maman 'Yan Biyu ta shigo yi wa Baba sannu, ta ga malamin tuƙi da kwarashi, ta riƙe haɓa. Yaya bai ko ɗago ba, ya ce mata ta yi haƙuri yana ƙirga. Manaja kuwa Baba ya matse shi a cinya, duk juyin da zaren ya yi sai ya zabura, Baba ya danne shi.

Kafin rana ta yi sanyi Yaya ya ɗaure bakin hannun, ya yanke zare. Baba ya miƙe, muka taimaka masa ya zura rigar.

Ta yi masa yawa sosai. Kafaɗun sun zubo har damtse, hannuwan sun rufe yatsunsa, cikin kuwa mutum biyu za su shiga. Kullum ina tare da Baba, ni nake dafa masa, amma ban san ya rame haka ba sai da na gan shi a cikinta.

Yaya ya kama gefen rigar ya tattara a hannu. "Baba, cire in rage maka. Ba wuya, in warware nan da nan kawai."

Baba ya janye hannun Yaya a hankali. Ya naɗe bakin hannuwan sama, ya gyara wuyan, ya koma kujerarsa ya zauna.

"Bar ta haka," ya ce. "Da jikin da ya cika rigar nan Ummanku ta san ni."