Sara na Goma Sha Biyu

Ranar da Mairamu ta fita takaba, abu na farko da ta yi shi ne ta sauke takobin mijinta daga bango, ta naɗe shi cikin tsohon buhun siminti, ta kai wa Amumun. A bakin ƙofa ta ajiye shi. Ta ce ba ta son ƙarfen a ɗakinta, ta juya tun kafin ya gama amsa sallama.

Amumun da mijin nata, Illi, sun shekara ashirin da biyu suna wasan takobi tare a Arlit. Da rana direbobi ne, suna jan manyan motocin da ke kwaso dutse daga ramin uraniyom. Da yamma su fita bayan gari, su gyara rawani, su zare takubba. Wani tsoho mutumin Gugaram ne ya koya musu wasan, sara goma sha biyu a jere, Illi na sara, Amumun na tarewa. Goma sha ɗaya ana tare su da garkuwar ƙirgi ko da bakin takobi. Na goma sha biyu ba a tare shi. Mai tarewa zai sauke garkuwa, ya janye amawalinsa, ya buɗe wuya a gaban jama'a, abokinsa ya kawo sara da iyakar ƙarfinsa, ya tsayar da kaifin daidai kan fata. Tsohon ya gargaɗe su sau ɗaya: kada mutum ya kuskura ya yi na goma sha biyu da wanda ke riƙe da shi a zuciya.

Takubban biyu daga ƙarfe ɗaya suka fito. Intala maƙeri ne ya ƙera musu daga wani guntun bututu da ya samo cikin tarkacen da ke fitowa daga kamfanin haƙar uraniyom. Ba abin mamaki ba ne a lokacin, don da irin wannan ƙarfe mutane da yawa suka yi ƙofa da gado da tukunya.

Shekara tara da suka wuce wani ɗan ƙungiyar kare muhalli, Zayyadu, ya zo kasuwa da wata na'ura mai auna gubar uraniyom yana gwada kayan ƙarfe. Amumun ya kai nasa takobin don wasa, yana dariya. Da aka matso da na'urar sai ta kama kuka kamar gyare. Zayyadu ya ja da baya taku biyu. Ya ce riƙon awa ɗaya da yamma ba shi ne abin tsoro ba, amma kada a kwana da shi a ɗaki, kuma in da hali a binne shi. A ranar Amumun ya mayar da takobinsa rumfar awaki. Awaki ba su yi ƙorafi ba. Amma bai gaya wa Illi ba. Saura mako uku a yi gasar Agadas, kuma ya san abokinsa: in ya ji, a ranar zai haƙa rami, wasan ya ƙare ke nan. Ya ce a ransa bari a dawo daga Agadas. Suka dawo da lambar farko. Ya ce bari a wuce Sallah. Haka Illi ya ci gaba da kwana da takobinsa rataye bisa kansa, har tari ya kama shi, har ya rame ya zama kamar sandar kiwo. A gidan likita ba wanda ya ce ga abin da ya kashe shi. A Arlit ba a cika faɗa ba.

Kwana biyu bayan zuwan Mairamu, Amumun ya je wurin Mushe Siddiƙ (Mushe, wato Malam da Faransanci), malamin karate ɗan Maraɗi, wanda ke shirya gasar gidan matasa kowace shekara.

"Baba Amumun, Allah ya jiƙan abokinka. Amma wasanku na mutum biyu ne."

"Rubuta ni a na mutum ɗaya."

"To wa zai sare ka?"

"Yaranka da ke ihu suna naushin iska, wa ke naushinsu?"

Mushe ya yi dariya, ya rubuta sunansa a ƙasan takarda, ƙarƙashin wasannin makaman gargajiya, waɗanda ake yi a ƙarshe bayan manyan baƙi sun tafi cin abinci.

Washegari da hantsi Amumun ya fita filin da suka saba, inda ake hango tulin dutsen da kamfani ya tara ya zama tsauni mai launin toka. Ya zo da takubban biyu, don hannu ya riga ya saba. Ya ajiye na Illi a kan dutse cikin kubensa, ya tsaya, ya ɗaga garkuwa a wurin sara na farko.

Wani abu ya bugi garkuwar. Bugun ya ratsa har kafaɗarsa.

Ya duba. Fili ne fetal, ba kowa, ko iska babu. Ƙafarsa dai ta riga ta matsa da kanta, kamar yadda ta saba shekara ashirin da biyu, kuma na biyu ya same shi a ƙasan garkuwa. Na uku ya ɗan makara. A nan ne gashin jikinsa ya tashi, domin na ukun Illi kullum yakan makara, saboda gwiwarsa ta hagu da ƙofar mota ta taɓa matsewa. Ba wanda ya san wannan sai su biyu.

Bai iya tsayawa ba. Na bakwai ana tare shi da bakin takobi, kuma ƙarfe ya yi ƙara a filin. Na takwas, na tara. A na goma ya fara jin numfashi a gabansa, irin na zuga-zugin da ya huje, numfashin Illi na shekararsa ta ƙarshe. Na goma sha ɗaya ya sauka. Sai shiru.

Amumun ya ƙanƙame garkuwa a wuyansa. Ya san abin da ake jira. Ya tsaya a haka har gumin bayansa ya bushe, sannan ya ja da baya a hankali, bai juya ba sai da ya kai wurin dutsen. A bakin takobinsa akwai sabon giɓi, fari tas. Ya zare na Illi daga kube. Shi ma ga nasa giɓin, sabo, daidai wurin.

Ya rantse ba zai koma ba, kuma bai koma ba. Amma wasan da aka fara bai ƙare ba. Duk inda ya shiga yana jin wani sanyi siriri a gefen wuyansa na dama, kamar an miƙa zare. A kasuwa ya riƙa tafiya da kafaɗa ɗage. A masallaci, in ya sallame dama lafiya, in ya juya hagu wuyansa ya buɗe, sai sanyin ya matso. Ya fara sallamewa da sauri kamar ɓarawo, har liman ya tambaye shi ko wuya ke masa ciwo.

Ana gobe gasa ya je gidan Mairamu. Ya same ta a tsakar gida tana tankaɗe gero. Ta nuna masa tabarma da haɓa.

"Maman Fadimata, na zo da magana."

Ya faɗa mata duka: na'urar, rumfar awaki, Agadas, filin bayan gari, giɓin. Ba ta daina tankaɗe ba sai da ya kai ƙarshe.

"Shekara tara," ta ce. "Ka san gado guda ne? Ni ma bisa kaina yake rataye."

Ta ɗago ta dube shi.

"To mi kake so in ce maka?"

"Ko ya sani?"

"Ya san ka fid da naka daga ɗaki. Ya ce mini aminina ya tsufa, ya fara tsoron ƙarfe. Dariya ya yi." Ta kaɗa rariya. "Daga baya da tarin ya yi tsanani, wata rana na iske shi yana kallon takobin nan, ya daɗe. Na ce mi ne ne? Ya ce ba komi. Ban san abin da ya sani ba. Kai ne amininsa."

"Ki yafe mini."

"Ka tahi ka gama wasanku. Ba ni ka bari tsaye da hannu sama ba."

Ranar Lahadi rana ta take a filin gidan matasa. An kafa rumfa, an jera kujeru, lasifika na ta ƙugi. Ƴan karate cikin fararen kaya suka yi ta shiga ɗaya bayan ɗaya, suna dukan abokan gaba da babu su, ana tafa musu. Aka raba lambobi. Manyan baƙi suka tashi. Ya rage Mushe Siddiƙ da alƙalai biyu a teburi, da ƴan tsirarun mutanen da ba su da wurin zuwa. Can ƙarshen rumfa Mairamu na zaune, mayafinta har goshi.

Amumun ya shiga fili. Ya ajiye takobin Illi a ƙasa, taku huɗu a gabansa. Wani ya yi ihu daga baya, "Baba, abokin naka ya makara ne?" Aka yi dariya.

Ya ɗaga garkuwa.

Bugun farko ya kashe dariyar. A na uku, mai makarar, wani tsohon direba da ya san su ya miƙe tsaye, ya fara salati. Mushe Siddiƙ ya leƙa ƙarƙashin teburi yana neman inda ƙarar ke fitowa, ya sa aka kashe lasifika. Ƙarar ba ta daina ba. A na bakwai kowa ya ga tartsatsi a sararin da babu komai. Amumun bai ga kowa ba. Numfashin kawai yake ji, kusa, da warin taba da shayi.

Na goma sha ɗaya ya sauka. Filin ya yi tsit har ana jin injin wani gida can nesa.

Hannunsa na hagu ya ƙi sauka. Ya tuna gargaɗin tsohon Gugaram, kuma bai san abin da ke cikin zuciyar Illi ba, ba zai taɓa sani ba sai ta wannan hanya. Ya yi magana a hankali, da harshensu na gida, ba don alƙalai ba.

"Na sani tun kafin Agadas. Na fid da nawa, na bar maka naka."

Numfashin ya tsaya.

Amumun ya saki garkuwa ta faɗi. Ya sa yatsa biyu ya janye amawalinsa, ya buɗe fuska da wuya a gaban baƙi da mata. Ya juya kai hagu. Bai rufe ido ba, don tsohon ya ce rufe ido zagi ne ga mai sara.

Ya ji iskar saran kafin komai. Sai sanyi a fata, ya zauna nan, ya daɗe fiye da yadda Illi ya taɓa daɗewa. Sannan ya ɗauke. Igiyar layar da ke wuyansa ta rabu biyu, layar ta faɗi cikin rairayi. Ya shafa wurin, ya duba yatsansa. Ɗigon jini ɗaya. A shekara ashirin da biyu Illi bai taɓa fid da masa jini ba.

Ba wanda ya tafa. Alƙalan suka haɗa kai suka yi ta raɗa, sannan Mushe Siddiƙ ya taso da takarda a hannu.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba za mu iya ba ka maki ba."

"Don me?"

Mushe ya kalli filin, ya kalli takobin da ke ƙasa cikin kubensa. "A na mutum ɗaya ka rubuta sunanka."

A bakin ƙofa Mairamu ta tare shi. Ta ɗaga haɓarsa da yatsa ɗaya, kamar mai duba akuya a kasuwa, ta kalli wuyan.

"Shi dama mai sanyin hali ne," ta ce. "Ka gode Allah ba ni ke riƙe da shi ba. Ka binne su duka biyu, da zurfi, kuma nesa da rijiya."

Ya binne su a yammacin nan, bayan tsaunin toka, rami har ƙugu, ya jera duwatsu a kai don kada wani maƙeri ya tono. Magariba ta same shi a hanya, ya yi taimama ya ta da salla. Ya sallame dama. Ya juya hagu a hankali, ya bar wuyansa a buɗe, ya jira.

Babu sanyi, babu numfashi. Ya daɗe zaune a haka, kansa juye, har wuyan ya gaji.