Jar Fitilar Baba Sannu

An karɓe makullin bas daga hannun Baba Sannu ranar Talata da magariba, a farfajiyar kamfanin sabulu, a gaban ma'aikatan da suka tashi daga aiki. Wanda ya karɓe shi ƙanin matarsa ne, shugaban direbobi. Dalilin da aka bayar shi ne wata jar fitila.

Tun kafa kamfanin Baba Sannu yake jan bas ɗin ma'aikata. Sunan ma daga tuƙinsa ya samo shi: ba ya gudu, ba ya tsere da kowa, ko akuya ce ta tsaya a titi sai ya jira ta gama tunani. Amma tun bara idonsa ya soma yi masa gardama. Da rana da sauƙi, abin nesa ne kawai ke ɓacewa. Da duhu ya shigo kuwa, fitilun motocin da ke tahowa sai su tarwatse, gefen titi ya narke. Ya taɓa gogar ginshiƙin ƙofar kamfani, ya ce birki ne. Bai je asibiti ba, don ya san abin da likita zai ce.

Sai ya ƙirƙiro wa kansa gwaji. Can yamma da gari akwai dogon ƙarfen sadarwa mai jar fitila a ƙololuwa, tana kamawa tana mutuwa saboda jiragen sama. Ana hango ta daga ƙofar gidansa, ana hango ta daga farfajiyar kamfani. Kullum kafin ya kwashi ma'aikatan yamma, sai ya tsaya kamar mai duba taya, ya saci kallon sama. In ya gan ta, ya shiga mota da ƙarfin zuciya. Kullum kuwa yana ganinta.

Matarsa kaɗai ya faɗa wa. Ita ce kuma ta fitar da maganar, don ta kare shi, ranar da ƙaninta ya zo gidan ya taɓo zancen ginshiƙi. Baba Sannu yana uwar ɗaki yana jin su.

"Kai dai ba ka da aiki sai sa ido," in ji ta. "Mutumin da kullum yake hango fitilar ƙarfen can, shi ne idonsa ya mutu?"

"Kullum, Yaya?"

"Har jiya."

Ƙanin ya ajiye kofin shayi, ya yaba labulen da ta sauya, ya tafi.

Ranar Talata ma'aikata sun taru a jikin bas, mata da jakunkuna, maza da ƙurar sabulu a gira. Baba Sannu ya sunkuya wajen taya ke nan sai ya ji hannu a kafaɗarsa.

"Mijin Yaya, an ce idonka ya fi na mikiya."

"Ya dai fi naka, yaro. Ni na koya maka riƙe sitiyari."

Aka yi dariya. Sun saba da wasan nan nasu, babu wanda ya ɗauka da wata manufa.

"To nuna mana fitilar ƙarfe. Ni nawa idon ba ya kaiwa."

Baba Sannu ya miƙe, ya juya yamma. Tana nan, ƙarama, ja, sama da rufin ɗakin ajiya. Ya miƙa yatsa.

"Ga ta can."

"Tana ƙiftawa?"

"Kamar kullum."

"Yi mana tafi duk lokacin da ta kama, mu ma mu bi ka."

Ya so ya ƙi. Amma ƙin zai zama magana, ga shi kuma yana ganinta sarai. Ya saƙale makullin a ɗan yatsa, ya tafa. Ya jira. Ya sake tafawa. Makullin yana kaɗawa tare da tafin.

Da farko mutane suka ɗaga kai suna nema. Daga nan suka sauke kai suna kallon juna. Wata mai naɗe sabulu, wadda ake kira Rediyo saboda surutunta, ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Wani ya soma taya shi tafin. Wasu suka shiga. Shugaban direbobi bai tsayar da su ba. Ya harɗe hannu ya bar tsohon yana tafa wa sama, har sai da mai gadi ya baro ƙofa ya zo kallo.

"Ya isa haka," in ji shugaban direbobi. "Jama'a, wa ya ga fitila?"

Ya nuna yamma da yatsa, ya ci gaba.

"An sauke ƙarfen nan tun kafin damina. An yanka shi gunduwa-gunduwa, an kwashe da babbar mota. Kowa a nan ya san haka, ban da mutumin da ke ɗaukar rayukanku zuwa gida."

"Ina ganinta," in ji Baba Sannu. "Wallahi ga ta can."

"Ka gaishe ta."

Ya zare makullin daga yatsan tsohon ba tare da ya fizga ba, ya miƙa wa wani direba. Ma'aikata suka shiga mota ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kauce wa idon Baba Sannu. Rediyo ta leƙo ta taga.

"Baba, shigo mana a sauke ka, kada ka bi ta zuwa sama!"

Bai shiga ba. Da ƙafa ya tafi, yana bin jikin katanga.

Labarin ya riga shi isa gida. Matarsa ta ajiye masa abinci. Ya kamo hannunta ya kai ta ƙofar gida, ya nuna.

"Ke ma ba ki gani?"

Ta daɗe tana kallo. Idonta ma ba na yarinya ba ne.

"Shigo ka ci abinci," ta ce.

Da ta shige, ya rufe idanunsa biyu, don ya gane ko a sama abin yake ko a cikin kansa. Jan ya ɗan tsaya a cikin duhun fatar ido, ya dushe. Haka kowace fitila take yi in an kalle ta an rufe ido. Gwajin bai gaya masa komai ba. Ya buɗe ido, fitilar ta kama.

Kamfani bai kore shi ba. An mai da shi wankin motoci, a farfajiyar nan dai. Samarin da ke lodi sun samu abin yi: duk wanda ya wuce ta bayansa sai ya tafa sau ɗaya, ya ci gaba da tafiya. Da ƙanin matarsa ya zo gidan ranar hutu, ya zo da tabarau na roba irin na yara, ya ajiye a kan tebur. Yayarsa ta jefar da shi a kwandon shara, amma ta zuba masa shayi.

Rannan Baba Sannu yana goge gilashin bas, Rediyo ta tsaya kusa da bokitinsa tana gyara takalmi.

"Af, Baba, ka san wani abu? Ƙanwata da ke zaune a bene ta ce akwai masu gini can bayan gari, sun kafa doguwar na'urar ɗaga kaya. Wai ita ma da jar fitila a samanta."

Tsumman ya tsaya a hannunsa.

"Ta yamma?"

"Oho. Yamma ko kudu, ni ina na sani? Ban tambaya ba."

"Za ki faɗa wa shugaban direbobi?"

"Ni? Rufa mini asiri. Ai ko da fitila ko babu, ginshiƙin nan ba shi ya zo ya same ka ba."

Ta wuce ciki.

Daga farfajiyar ba a hango wani gini, rufin ɗakin ajiya ya tare. Baba Sannu ya roƙi direbobi biyu su bi ta bayan gari da shi, kowanne ya ce ba hanyarsa ba ce. Har yau babu wanda ya je ya duba ta wane ɓangare na'urar take.