Idon Tela

Abu ɗaya tak Mai Walda ya roƙi ƙaninsa, ranar da ya zo masa da littafi da biro wai zai shirya fim a kan 'yan daban unguwarsu: kada maganar idon Tela ta shiga.

"Haba Yaya! Ni ne fa. Ciki ɗaya muka fito."

Shi kuwa bawan Allah ya saki baki ya zazzage masa komai. Shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin yana daba, ya rufe fuska da ƙyalle ya wurga kwalba ana tsakiyar faɗa a bakin famfo. Ta sami wani saurayi da ya zo ɗibar ruwa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Saurayin nan shi ne Tela, mai shago a jikin nasa. Kwano ɗaya suke ci. Shi ke ɗinka wa 'yarsa kayan makaranta. Har yau bai san hannun da ya raba shi da idonsa na dama ba.

Ranar da aka saka fim ɗin a gidan kallo da la'asar, Tela ne ma ya zo ya kashe masa injin walda.

"Tashi, malam, mu je mu ga abin da autanmu ya ƙulla."

Suka samu benci suka zauna. Sara, suka, guje-guje a lungu, matasa sai fito suke yi. Can sai ga famfo. Ga saurayi da jarka. Ga wani ya rufe fuska, bahago, yana jan ƙafar dama, ya ɗaga kwalba.

Innalillahi! Bahago mai jan ƙafa nawa ne a unguwar nan? Ai shi kaɗai ne. Mai Walda ya ga kawuna na juyowa ɗaya bayan ɗaya.

Ana gamawa ƙanin ya kutso cikin mutane, baki har kunne.

"Yaya, ya ka gani? Wurin nan na famfo shi ne ran fim ɗin!"

"Me na roƙe ka?"

"Ai na canza suna."

Ya canza suna! Yaron da ya goya, ya wanke wa kashi, shi ne ya kwance masa zani a kasuwa don a tafa masa.

Tela bai motsa ba sai da wurin ya kusa watsewa. Sannan ya juyo da dukkan jikinsa, don Mai Walda na zaune ne ta damarsa. Ya daɗe yana kallonsa da ido ɗayan.

"Duk shekarun nan, kullum ta gefen da ba na gani kake zama," ya ce a hankali. "Ni kuma ina ta yabon ka, wai kana tare mini hanya ne kada a buge ni."

Ya miƙe, ya laluba bakin bencin, ya fita ta ɗaya ƙofar.