Katunan da Ƙwaro Ya Ci

A shekarun da kuɗin mai ya hau wa gwamnati kai, duk abin da ɗan boko ya ce zai bincika sai a ce masa bismilla. Shi Zailani, ɗan Mabai ta ƙasar Ƙanƙara, randa ya zaɓa. Shekara biyu ya yi a jami'a a Zariya yana koya wa wata ƙatuwar kwamfuta yadda randa ke sanyaya ruwa, tun daga ƙwayar ruwa guda wadda ido ba ya gani, tana kutsawa ta ƙofofin yumɓu, har zuwa randar gaba ɗaya tana gumi a inuwa. Abin da kowace tsohuwa ta sani ba tare da ta yi ciwon kai ba.

Ita kuwa na'urar ba ta jin magana sai ta kati. Kowane layin lissafi sai an huda shi a jikin kati, huji-huji. Katuna dubu biyu da ɗoriya ya tara cikin kwali. An ba shi ranar Litinin ya zuba mata su, domin Baturen da ke duba aikinsa yana shirin komawa ƙasarsu. In Litinin ta wuce, digiri ya bi Bature.

Ran Juma'a ya zo gida neman addu'a, rungume da kwalin, don bai yarda ya bar wa ɓerayen makaranta shi ba. Ya ajiye a ɗakin mahaifiyarsa Dada, inda ba mai shiga.

To, Zailani ɗan fari ne, Dada kuma ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai “wancan”. Ba ta kallonsa, ba ta amsa gaisuwarsa sai da gyaran murya. Duk saƙo ta bakin Gwaggo Larai yake bi, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta yaye shi. Yana da shekara ashirin da bakwai, amma har yau abin na yi masa ciwo, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ran Asabar ya tafi Yargoje gaida kawunsa. Ya dawo da la'asar ya tarar da Gwaggo Larai a tsakar gida, baki har kunne.

“Kai ɗan boko, mi kake da kai haka? Ka bari ƙwaro ya cinye maka takardu kana zaune!”

“Wane ƙwaro, Gwaggo?”

“Duk ya huda su! Uwarka ta buɗe kwalin ta gani, hankalinta ya tashi. Tun hantsi take kansu, ko tuwo ba ta ɗora ba. Ta shanya su, ta bakace, ta tsince ɗaya-ɗaya. Na ce ta tambaye ka, ta ce ita da wa? Waɗanda suka ɓaci ta sa a murhu, kar abin ya bi sauran.”

Zailani ya dubi murhu. Toka ce fara tas, mai laushi. Ya zauna a kan turmi.

Gwaggo ta miƙo masa wani ƙunshi cikin sabon ɗankwali. Katuna arba'in da uku ne, lafiyayyu, ko huji ɗaya babu, waɗanda bai kai ga amfani da su ba. An barbaɗe su da toka da barkono, yadda ake yi wa irin wake.

Ya buɗe baki zai kurma ihu. Sai ya hango Dada a bakin ɗaki, ta ba shi baya, wai tana gyara tabarma. Tabarmar ba abin da ya same ta. Kunnenta ta baza, tana jira. Tunda ya yi wayo, wannan ne abu na farko da ta yi masa da hannunta, ta kuma yarda a gaya masa.

Ya haɗiye ihun da kyar, idonsa ya cika.

“Gwaggo, ki ce mata na gode. Ki ce aikin ya yi kyau.”

Dada ba ta juyo ba. Ta yi gyaran murya, ta ce wa bango, “A ce mashi in ya koma ya tattaro sauran. Ni zan riƙa duba mashi.”