Takardar Apa Daga Gonar Lemu

Mahaifina, wanda duk gidan muke kira Apa, ya haura shekara hamsin lokacin da ya kusa gama ƙaramar kwalejin garinmu. Sunansa Evaristo. A gonakin lemu da inabi da ke kewaye da birnin Fresno, in injin ban ruwa ya tsaya, shi ake nema. Da rana yana cikin taɓo, da yamma ya wanke hannu ya rataya jaka ya tafi aji. Karatun da yara ke yi a shekara biyu shi ya daɗe yana jan sa, darasi ɗaya ko biyu a zango, amma ya haye, har da lissafin nan da ya sa ni kuka a zamanina.

Abin da ya rage shi ne ya nemi canji zuwa jami'a, ya ƙarasa digiri a kan ruwa da ƙasa. Ana buɗe neman a Oktoba, a rufe a ƙarshen Nuwamba. Ranar da aka buɗe, Apa ya zauna gaban kwamfuta da tabarau a karan hanci, ya cike suna, ya cike darussa da makinsu, yana yi yana fito. Sai ya iso inda aka ce ya rubuta wani abu game da kansa, ya faɗi abin da ya sa yake son wannan karatu. Ya kalli wurin, ya cire tabarau, ya ce ƙofar gareji tana ƙara, bari ya duba ta.

Daga ƙofar gareji ya koma kan katanga. Daga katanga ya hau rufi. Ya gyara wa maƙwabcinmu injin yankan ciyawa ba tare da an roƙe shi ba, ya yi wa ɗakin kare fenti. Mahaifiyata Leonor, wadda muke kira Ama, ita ta fara gano sirrin, kuma ba ta yi wasa da shi ba. In tana son a gyara mata wani abu, sai ta tsaya kusa da abin ta ce, "Evaristo, ka yi rubutun nan kuwa?" Kafin ta rufe baki ya ɗauko sukudireba. Haka ta sami sabbin kantoci a kicin, da famfon da ya shekara yana ɗiga.

Ni Itzel, babbar 'yarsa, aikin jinya nake yi a wani gari, kuma ta wannan hanyar na bi na shiga jami'a, don haka na san yadda abin yake. Kullum na kira shi sai ya ce, "Yana nan a kaina, 'yata. Zubawa kawai ya rage."

"To ka zuba mana, Apa."

"Ba a zuba siminti sai ƙasa ta kwanta."

"Wace ƙasa kuma?"

Sai ya ce ana kiransa a ɗaya layin.

Na zo gida hutun Ranar Godiya, bikin da dangi ke haɗuwa a ci talotalo, watan Nuwamba ya kusa ƙarewa. Gidan ya cika. Goggo Chayo, yayar Apa, ta kame kan teburi tana shugabantar ƙullin tamale, abincinmu na ƙullin masara da nama da ake naɗewa kamar alala, kowa da ɓawon masara a hannu. Kawu Nacho, ƙanin Ama, ya zauna kusa da tukunyar nama da sunan taimako. Talotalo na cikin murhu. Na buɗe kwamfutar Apa in ga inda ya kai, sai na tarar da layi ɗaya tak: "Sunana Evaristo, kuma ni mai gyaran inji ne."

Na karanta shi a fili. Kawu Nacho ya tuntsire da dariya har ya ƙware.

"Wata biyu, suruki? Ai wannan ko a jikin motarka an rubuta."

Apa ya ce dama ya yi tunani, ba gaggawa, zai bari sai baɗi. Ya miƙe ya ce ya ji kamar injin wanki yana wani sauti. Goggo Chayo ko kallonsa ba ta yi ba. Ta goge hannu, ta fita gareji, ta kinkimo akwatin kayan aikinsa da ƙyar, ta jefa shi a but ɗin motarta, ta kulle, ta cusa makullin a rigarta.

"Zauna, Baro," in ji ta. Ita kaɗai ke kiransa haka. "Baɗi kana da tabbacin gwiwoyinka za su hau matakalar jami'a? Ga ɓawo, ga ƙulli. Hannu na aiki, baki na magana."

"Yaya, me zan ce musu? Yaran nan suna rubuta sun je ƙasashe, sun ci gasa. Ni me na yi? Na ɗaure, na kwance."

Nan fa kowa ya sami abin faɗa. Goggo Chayo ta ce ya rubuta yadda ya wargaza rediyon babansu a ƙauye yana yaro, ya mayar da shi har da ragowar ƙusoshi a hannu, kuma rediyon ya ci gaba da magana. Ama ta ce a'a, ya rubuta yadda ya yi ta zuwa gidansu gyaran injin da lafiyarsa ƙalau, har uwarta ta ce ko dai ya auri yarinyar ko ya bar mata injinta ya huta. Ana ta shewa, Apa na cewa ba haka aka yi ba, ana cewa haka aka yi.

Kawu Nacho ya lashe cokali ya ce, "Ku bar wahalar da kanku. Kowa ya san dalilin da ya shiga kwaleji. Gudun wanke-wanken yamma ne."

Apa ya ajiye ɓawon da ke hannunsa. Kunnuwansa suka yi ja.

"Kai Nacho, kana ina shekarar fari, da rijiyoyin bayan gari suka ƙafe? Kana ina lokacin da tsohuwa Remedios take wanka da ruwan gora?"

Na zaro wayata a hankali, na danna ɗaukar murya, na tura ta tsakanin ɓawon masara.

Apa ya ce tsohuwar ce ta kira shi, famfonta ya daina kawo ruwa. Ya zare injin ya duba, ba abin da ya same shi. Ya ƙara bututu ya zura ƙasa, sai iska. Ya sake ƙarawa, sai yashi. Tsohuwar na tsaye a kansa da bokiti, tana cewa ai kai ba abin da ke gagararka. Kowane gida ya je haka, injuna lafiya lau, ruwan ne ya gudu. Sai wata injiniya ta zo, yarinya ƙarama, ta shimfiɗa taswira a kan motarta, taswirar ruwan da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Ya tsaya a bayanta yana leƙe, layuka shuɗɗa da jajaye, bai gane ko ɗaya ba.

"Tun ina saurayi nake jawo ruwa daga ƙasa," in ji shi, yana buga teburi da yatsa, "ban taɓa sanin daga ina yake zuwa ba, ban san ina ya tafi ba. Na tambaye ta, ta yi mini bayani da kirki, na gane rabi. Na ce ina ake koyon sauran? Ta faɗa mini. Ban ma biya gida ba, da taɓo a takalmina na je kwalejin. Ina so in karanta taswirar nan da kaina, in ce wa irin su Remedios ga inda ruwanku yake, ga ranar da zai dawo, ko kuma ba zai dawo ba, ku san abin yi. Wanke-wanke, wai."

Ama na kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Goggo Chayo ta share ido da gefen hannu, ta bar ƙulli a kumatu.

Na ɗaga wayar na ce, "Apa, ka gama rubutunka."

Kafin a fitar da talotalo na kwafe maganar tas a kwamfuta. Da ya karanta, sai ya kasa zama. Ya zagaya teburi, ya dawo ya sake karantawa, ya kira Ama ta ji wani layi kamar ba a gabanta ya faɗa ba.

"Ni na faɗi wannan? To aika. Aika yanzu, kafin in canza ra'ayi."

"Mutumin da ya yi wata biyu yana fentin ɗakin kare," in ji Kawu Nacho, "yanzu shi ke gaggawa."

Na ce ba za a aika da zafinsa ba. Ya bari ya kwana, gobe ya karanta da idon safiya. Amma kuma ba za mu kai ranar ƙarshe ba, don ranar kowa ke rububi, shafin ya cushe, mutum ya yi ta dannawa a banza. Washegari ya wuni a kansa. Ya cire inda ya zagi Kawu Nacho, duk da ya ce nan ne ya fi daɗi. Ya gyara sunan wani bututu da na rubuta ba daidai ba. Ya ƙara 'yan layuka a kan darasin da ya fara faɗuwa ya sake. Muka yi alkawari da safe, bayan kofi, za a aika.

Da na tashi, ba Apa, ba a-kori-kurarsa. Ama ta ce Mista Bedrosian, wani dattijo mai gonar lemu, ya kira da sassafe. Injinsa ya tsaya, kuma an ce sanyi mai ƙona lemu na tafe, in bai saki ruwa a gonar ba amfanin shekara ya tafi. Apa ya lallaɓi Goggo ta ba shi akwatinsa, ya fita da gudu.

"Wannan karon gyaran gaske ne," in ji Ama.

"Na sani. Daga can kuma wani zai kira shi, daga nan sai wata ya ƙare."

Na ɗauki kwamfutar. Ama ta zura takalmi, Goggo Chayo ta ɗauko kwanon tamale, Kawu Nacho ya ce shi ba za a yi wannan ba shi ba. Muka cika mota kamar masu rakiyar amarya, Goggo na cewa in taka, Ama na cewa in rage.

Mun same shi a tsakiyar gonar, ya durƙusa cikin taɓo, hannu cikin inji har gwiwa. Da ya ɗago ya gan mu jere da kwamfuta da kwano, sai ya fashe da dariya.

"Ku bari in gama mana. Kun gan ni fa."

Mista Bedrosian ya tambayi abin da ke faruwa, Goggo ta zayyana masa cikin numfashi ɗaya. Dattijon ya dubi Apa ya ce, "Jami'a? Kai? Shekara nawa kana shigowa gonata ba ka faɗa mini ba? Tashi. Sanyin ba yanzu zai sauka ba, injin zai jira. In ba ka aika ba, ba ka taɓa mini shi."

Sai kuma sabis ɗin wayata, wanda kwamfutar za ta bi ta kansa ta aika, ya ƙi. Na ɗaga waya sama, na zagaya bishiyoyi, ba komai. Kawu Nacho ya hau bayan a-kori-kura, daga nan ya hau rufinta, ya miƙa hannu sama da wayar kamar mai riƙe da tuta.

"Ya kawo. Layi biyu. Ku yi sauri, hannuna ya fara sagewa."

Muka ɗora kwamfutar a gaban motar. Ama ta zuba wa Apa ruwan gora ya wanke yatsa ɗaya, don sauran ba su wankuwa nan kusa. Ya sa tabarau. Ya ce bari ya ƙara karantawa sau ɗaya, duk muka ce a'a a tare, har da Mista Bedrosian. Ya ja numfashi ya danna.

Wani ɗan da'ira ya shiga juyawa a allon. Ya juya, ya juya. Goggo Chayo ta kama hannuna ta matse har na ji zafi. Kawu Nacho daga sama yana tambaya ya tafi ko bai tafi ba, Ama na cewa kar ya motsa. Sai allon ya canza, rubutu ya fito cewa an karɓi takardarsa.

Goggo ta rangaɗa ihu irin na biki, tsuntsaye suka watse daga bishiyoyi. Apa ya rungume Ama da taɓonsa da komai, ta ce rigarta, amma ba ta sake shi ba. Mista Bedrosian ya tsinko lemu ya cika mana hannu, muka ci da tamale a tsaye, Kawu Nacho na roƙon a taimaka masa ya sauko. Apa ya koma kan injin yana waƙa, kafin rana ta take ruwa na gudu a tsakanin layukan lemu.

Amsa ba ta zo ba sai da bazara. Jami'o'i biyu ya nema. Ɗaya ta ba shi haƙuri, ɗayar, wadda ake zuwa a mota a dawo a yini, ta ɗauke shi. Ya rage aikin gona zuwa ƙarshen mako, ya bar wa wani abokin sana'arsa sauran.

Ranar da ya fara shiga aji, ina wurin aiki ya kira ni, yana magana ƙasa-ƙasa kamar yana coci.

"'Yata, malamin bai kai ki shekaru ba. Da na shiga ya ɗauka ni ne shugaban sashe, har ya miƙe."

"Ka zauna a ina?"

"Gaba mana. Kuma suna da wani akwatin gilashi cike da yashi, ana zuba ruwa mai launi, kana ganin yadda yake tafiya a ƙarƙashi. Da idonka, Itzel. Sai da aka ce in matsa wasu su gani." Ina jin hayaniyar ɗalibai a bayansa. "Ki faɗa wa uwarki ta ajiye mini abinci. An ce ɗakin karatun hawa huɗu ne, zan je in gani."