Wanda Ya Ce Ɗaya

Kurtu ya dawo hutu ranar Talata da hantsi, jaka biyu a hannu, ko takalmi bai cire ba ya wuce ɗakin kakansa. Shekararsa huɗu a soja, har da igiya biyu, amma a gidan nan Kurtu yake, don sunan da tsohon ya raɗa masa ke nan.

Kakan, Saje, tsohon soja, na bakin gado yana goge tabarau da gefen riga. Ɗakin na nan yadda yake: akwatin ƙarfe, rediyo ba batir, warin man zafi.

"Sun koro ka ke nan? Dama na ce ba abin da ka iya sai ci."

Kurtu bai rama ba. Tsoho ya ajiye tabarau, don jikan nan bai taɓa barin tsiya ta kwana bai mayar ba.

To, duk abin da Kurtu ya sani na daji, a bakin gadon nan ya fara jin sa. Kada ka taka inda ƙasa ta cika kyau. Shanya ƙafarka kafin ka nemi abinci. In kuna tafiya layi ɗaya cikin doguwar ciyawa, ba waiwaye, ba ɗaga murya, ƙirga daga baya take tasowa. Na ƙarshe ya dafa kafaɗar na gabansa ya ce ɗaya, shi ma ya dafa na gaba ya ce biyu, har ta kai ga shugaba. In ta cika a wuce. In ta gaza a koma a nemo mutum.

"Saje, mun bar Dogo," in ji Kurtu. "Mu goma ne. Aka buɗe mana wuta a bakin rafi, muka watse, muka sake haɗuwa, aka ƙirga, goma cif. Sai a sansani muka ga mu tara ne. Washegari aka same shi, ya ja ciki ya fi taku talatin yana bin sawunmu. Ga jakarsa, matarsa zan kai wa. Na shirya in ce mata nan take ya cika."

"Wa ke ƙarshe a layin?"

"Ni."

"Da ka dafa na gabanka, me ka ce?"

Kurtu ya ƙura wa siminti ido. "Biyu."

"Wa ya ce ɗaya?"

"An dafa ni, Saje. Hannu mai nauyi, a jiƙe. A cikin kunnena aka faɗa."

Tsoho ya daɗe yana murza gwiwa, kamar mai neman inda ciwon ya ɓuya.

"Ni ma an dafa ni," ya ce. "Wanda muka bari mai ɗaukar harsashi ne. Na koya maka ƙirga, na riƙe rabinta saboda kunya: na ƙarshe ba ya karɓa daga hannun kowa. Wannan alhakina ne, na ɗauka. Amma uwarsa, ƙaryar nan taka ita na yi mata, ta rasu tana sa mini albarka. Shekara hamsin ke nan, ko a layin asibiti ba na yarda in tsaya ƙarshe. Har yanzu ana zuwa."

"Wane ne ke zuwa?"

"Wa ya waiwaya balle ya gani? Tashi, kada rana ta yi."

Matar Dogo tela ce, shagonta na bayan tasha. Kurtu ya tarar da ita tana taka keke, allura a baki. Ta ɗago, ta ga jakar, keken ya tsaya.

"Ku shigo," ta ce. Ta jawo kujera, ta sake jawo wata.

"Ni kaɗai ne, matar yaya."

Ta dubi bayan kafaɗarsa, ta daɗe tana duba. Ta cire allurar daga baki. "Na ga kamar..." Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma mayar da kujerar ba.

Ƙaryar na nan a kan harshensa, a shirye, ya maimaita ta tun daga mota. Ya ajiye jakar a kan teburin yanka, ya zauna.

"Bai cika nan take ba," ya ce. "Ya biyo mu. Ni ne na ƙarshe a layi, ni na ɓata ƙirgar. Zauna in gaya miki daga farko."