Jif a Bakin Gonar Malam Sodangi

Ni Sabitu ba na yabon mota sai na gwada ta a taɓo. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa Alhaji Ummaru, ɗan kwangila a Dutsin-Ma, kuma duk motocin da suka shigo gidanshi babu wadda ta kamo ƙafar jif ɗin da ya sayo a 1988. Kujerun fata, cikinta sanyi kamar ruwan randa, ga rediyo mai cin kaset. Sai dai 'yar birni ce, kwalta kaɗai ta sani. Simeon makanike, mutumin kudancin Zariya mai gareji a bayan tasha, shi ya maida ta ta daji. Ya ɗaga mata sifirin, ya sa mata tayoyi masu manyan haƙora, ya ɗaura injin jan mota mai igiyar ƙarfe a goshinta, ya fito da bututun iska har saman rufi don ko ruwa ya kai bonet injin ya samu numfashi. 'Yan tasha suka yi ta dariya, wai an sa wa amarya takalmin soja. Na ce su ci gaba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar ta zo wata Talata cikin Agusta, bayan ruwan kwana biyu. Da hantsi wani mutum mai suna Manu ya faɗo gidan da kekenshi, jiƙe sharkaf. Ya durƙusa ya ce Allah ya yi wa Malam Sodangi, mahaifin Alhaji, rasuwa bayan asuba a ƙauyensu da ke bayan Barkiya. Liman ya ce za a jira Alhaji zuwa azahar. Daga nan, ko ya iso ko bai iso ba, za a kai mamaci makwancinshi, don ba a ajiye gawa saboda mai rai. Manu ta hanyar ƙafa ya biyo, kuma a ka ya ɗauko keken ya haye rafi.

Alhaji ya yi salati ya zauna a ƙasa. Rabonshi da tsohon tun ƙaramar salla, kullum aiki, kullum sai mako mai zuwa. Ya ɗago ya dube ni.

"Sabitu, za mu isa?"

"Alhaji, in Allah ya yarda da kafaɗarka za a ɗauki makarar nan."

Muka bar Manu yana hutawa, muka biya gareji. Simeon bai tambayi komai ba, ya jefa shebur da famfon taya a baya ya shigo.

Zuwa Kurfi wasan yara ne. Da muka sauka daga babban titi muka ɗauki hanyar Barkiya, nan aikin ya fara. Wata tsohuwar roka, babbar motar kaya, ta kafe har cikinta a fadama, mutane sun kewaye ta. Direbanta ya ɗaga mani hannu wai in juya, ko tarakta ba ta wucewa. Raina ya ɓaci, wallahi, don ba na son mai kafewa ya koya mani tuƙi. Na sa ƙaramar giya, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja tare, na bi ta gefe inda ciyawa ta riƙe ƙasa. Jif ta yi gurnani, ta watsa taɓo har rufi, ta fita. Ko waiwaye ban yi ba.

Gaba kaɗan ruwa ya wanke hanya ya bar duwatsu tsirara. Simeon ya sauka yana nuna mani da hannu inda kowace taya za ta taka. Akwai inda tayar baya ta tashi sama tana lilo, Alhaji ya damƙe kujera. Na ce ya kwantar da hankalinshi, wannan ai rausaya take.

Sha biyu da rabi muka iso rafin. Ruwa ja wur, yana tafe da itace. Simeon ya tsuguna ya fara sace iskar tayoyi. Alhaji ya leƙo a fusace.

"Simeon, kana cikin hankalinka? Ana sauri kana sace mani taya?"

"Ranka ya daɗe, ƙasan ruwan nan yashi ne. Taya mai tauri haƙa take yi, mai laushi ita ke shimfiɗa. Ka ba ni minti biyar."

Ya gama, ya tuɓe riga, ya yanki sanda. Bai shiga ta mashigin motoci ba. Ya bi gaɓa har ya ga sawun shanu, don saniya ba ta shiga inda ƙasa ke cin ƙafa. Ta nan ya ratsa, ruwa har ƙirji, yana caka sanda. Na bi bayanshi a hankali, ƙafata a kan totur ba ƙari ba ragi. Ruwa ya hau bonet, ya shigo ta ƙasan ƙofa ya jiƙa takalman Alhaji. Injin bai ko yi tari ba. A gaɓar tsallake ne santsi ya hana mu hawa, Simeon ya ja igiyar ƙarfe ya ɗaura a gindin wata tsamiya, jif ta jawo kanta sama. Na ji daɗi har cikin raina, na buga sitiyari na ce ina 'yan tasha su zo su gani.

Ba mu tsaya ƙara iska ba. Muna hango rufin ɗakunan ƙauyen sai hanya ta ƙare. Zaizaya ta yanke ta, rami ya fi tsayin mutum biyu, babu motar da za ta tsallake shi. A daidai lokacin muka ji ladan ya ɗaga murya.

Ban damu ba. A hannun dama ga wata gona shimfiɗe, gero ya fid da kai ya yi kyau, kuma ƙarshenta a bayan gari yake. Minti biyu ya ishe ni. Na karya sitiyari, goshin jif ya taɓa karan farko.

"Tsaya," in ji Alhaji.

"Alhaji, an kira salla. Layi biyu kawai za mu kwantar, gobe a ba mai gona haƙuri."

"Na ce ka tsaya, Sabitu." Ya nuna wani gawo a tsakiyar gonar. "Gonar Baba ce. Da hannunshi ya shuka geron nan bana. Ina yaro na taɓa taka mashi shuka guda, ya sa na tsuguna na tashe ta, na kafa mata tsinke. Ba zan je mashi ta kan geronshi ba."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba a bayan sitiyari.

Alhaji ya cire takalma, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya shiga tsakanin kunyoyin gero da gudu. Mutum mai shekara hamsin, ga tumbi, amma yana kauce wa kowane kara. Na kashe mota na bi shi. Simeon ya tsaya wurin jif, ya cire hularshi ya riƙe a ƙirji.

Mun tarar an idar da azahar, an fito da makara ƙofar gida, liman yana gyara sahu. Aka buɗa wa Alhaji ya shiga, taɓo har gwiwa, yana haki. Da aka sallaci mamacin, mutane suka matsa, Alhaji ya sa kafaɗa a gaban makarar.

Hanyar maƙabarta ta bi ta gefen gonar. Muna wucewa na ga jif can tsallake inda na bar ta, da kara guda da goshinta ya tanƙwara. Bayan an watse na koma na tashe shi, na kafa mashi tsinke.